Harbin tsuntsu don nishaɗi, shi ma farauta ce?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wlh tun shekaranjiya abin nan yake cin raina, na ce bari dai in amayar da shi a nan ko na ji sanyi. Ranar Asabar na kai yara wajen Tiga, dama na daɗe ina musu alƙawari, muna zaune a inuwa sai ga wasu samari su huɗu a mota sabuwa dal, suka fito da bindigogin nan na iska masu madubi a sama suka hau harbin duk abin da ya gifta. Belbela, kurciya, zalɓe, har da shamuwa biyu da ke kan wata tsamiya suna haɗa sheƙa. Ɗaya na harbi ɗaya na ɗaukar bidiyo ana ihu ana tafawa. Da suka gaji sai suka jera su a kan bonet suka yi hotuna, sannan suka watsar da su a ƙasa suka ja motarsu. Ko ɗaya ba su yanka ba, ko ɗaya ba su ɗauka ba. Na ƙirga 17, wasu ma ba su mutu ba suna ta fuffuka a cikin ƙura, ni na yanka kurciyoyi biyu da 'yar wuƙar da muka zo yanka kankana. Autana ya ce Baba me suka yi musu? Na rasa abin cewa.

Ni jikan maharbi ne, kakana da kwari da baka ya ciyar da gidansa, saboda haka kar wani ya ce ina ƙyamar farauta. Amma wannan abin da na gani sunansa farauta?

Maman Ilham:
Innalillahi. Har shamuwa? Mu da muna yara ko jifanta ka yi sai kakarmu ta zane ka, ta ce baƙuwa ce ita ke zuwa da labarin damina.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumussalam. Baba da girmanka amma ni ban ga abin tada hankali ba gsky. Tsuntsu ne fa. Kullum a garin nan kaji nawa ake yankawa, a Sallar layya raguna nawa? Ba wanda ya yi kuka. Ni ma ina da irin bindigar kuma ina fita ranar Lahadi, hutun ƙwaƙwalwa ne, ya fi dai yaro ya zauna a lungu yana shan ƙwaya. Ƙasar nan mutane ake kashewa kullum mu kuma muna nan muna zaman makokin belbela.

Baban Khalifa:
Kajin da ake yankawa a bola ake zubarwa ko a tukunya?

Ɗan Fagge:
To ai ni ina ɗaukar nawa in dai kurciya ce ko hasbiya. Belbela ce dai ba na ci, ƙarni gare ta.

Baban Khalifa:
To me ya sa kake harbinta?

Ɗan Fagge:
Gwada hannu mana hhh

Mai Shayin Kurna:
Ɗan Fagge zo in ba ka gwangwanin madara, kullum sai na zubar da kusan talatin. Ka jera su a katanga ka yi ta gwada hannunka har Mahadi ya bayyana.

Malam na Gwale:
Bismillah. Tunda an zo gwada hannu bari in sa baki, don maganar nan ba sabuwa ba ce. Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya ce Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi. Yana cikin Bukhari da Muslim. La'ana fa, ba wai an ce babu kyau ba kawai. Sannan akwai wanda Nasa'i ya ruwaito cewa duk wanda ya kashe ɗan tsuntsu ko abin da ya fi shi ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi, aka ce mene ne haƙƙinsa, ya ce ya yanka ya ci, kada ya cire kansa ya yar.

Ita farauta kanta halal ce, aya ta 4 a Ma'ida ta yi maganar dabbobin da aka koya wa kamu, kuma kare da aka hana ajiyewa haka kawai an togace na farauta da na kiwo da na gona. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san inda mai littafin ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba ta halatta. To wannan ma wanda zai yanka ya ci ake nufi, sai dai nishaɗi ne ya fitar da shi ba buƙata ba. Wanda zai kashe ya yar kuwa ya wuce makaruhi, ɓarna ce tsantsa.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam na ji, kuma ba na jayayya da hadisi. Amma tambaya, su 'yan farautar da ake ta yabo ɗin, tsakani da Allah yunwa ce ke fitar da su? Mutum ɗari biyu a bayan tifa da karnuka da ganguna, a dawo da zomo shida da gafiya. Kuɗin man motar ma ya fi kuɗin naman. In ba daɗi suke ji ba me ya kai su? Su nasu al'ada, namu iskanci?

Baban Khalifa:
Wannan kam ka taɓo wani wuri. Bari Kawu ya zo.

Kawu Maharbi:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta min ni baki nake faɗa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. An karanta min duk abin da kuka ce.

Yaro ɗan Fagge ba ka yi ƙarya ba, daɗi akwai. Duk maharbin da ya ce maka ba ya jin komai a ransa in ya dana ya saki ya ga nama ya faɗi to ya ɓoye maka ne. Na shekara arba'in da wani abu ina shiga daji, tun Falgore ana ce mata Kogin Kano a bakin manya, kuma har yau in na ji kiɗan maharba tsigar jikina tashi take. Amma daɗin ba a kisan yake ba. Ka kwana uku kana bin sawu, ka gane wannan kashin na jiya ne wannan na ɗazu ne, ka san ta inda iska take kaɗawa don kar ta kai masa warinka, ka yi rarrafe a kan ƙaya da burtu a goshinka har ka matso, nan daɗin yake. Sau nawa na matso gada har ina ganin ƙiftawar idonta na ga cikinta ya sauko na sauke bindiga na juyo gida hannu rabbana, uwar 'ya'yana ta yi ta mita. Ubana da ya koya min ya ce abu huɗu in na yi bai yafe ba. Mai ciki, mai shayarwa, naman da ya zo shan ruwa tsakar rana da ƙishi, da kuma in harbi abu ya gudu da rauni in ƙyale shi. Wannan na ƙarshen ya taɓa sa ni kwana a daji ina bin jinin mugun dawa wanda ko cinsa ba na yi, wani abokin tafiyata ne ya harbe shi a cinya ya ce a bar shi, na ce ba da ni ba. Kuma da ruwa ya sauka an rataye bindiga sai kaka ta wuce, kowa ya tafi gona, dabba ta samu ta hayayyafa. Ba gwamnati ce ta sa mana ba, mu muka san in ka cinye iri bana baɗi sai ka ci ƙasa.

Su kuma na bayan tifa da kake faɗa, kar ka haɗa mu. Farautar gayya ta asali da izinin sarkin dawa ake fita, a san dajin da za a shiga da ranar, a san wanda ya fara jifa shi ke da nama. Yanzu wasu abin da ke kai su daban, gaba ce ta unguwa da unguwa ake ɗauka a kai daji, a yi ƙwace a sari juna a kan zomo ɗaya. Wannan ni ma ban kira shi farauta ba. Kai da su duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, kai da bindigar masu kuɗi su da gora da barandami.

Mai Shayin Kurna:
Kawu ya raba gardama, kowa ya samu nasa hhhh

Maman Ilham:
Kawu Allah ya ƙara lafiya. Maganar gada mai cikin nan wlh har na ji ƙwalla.

Sadauki Dorayi:
A'a Kawu a yi mana adalci dai. Ni ɗan farauta ne kuma a bayan motar nake fita, ba kowa ne ɗan daba ba. Akwai ɓata-gari kamar yadda suke a kowace sana'a amma yawancinmu zumunci ne da gado, kakanninmu sun yi iyayenmu sun yi. Garin nan ma waye ya kafa shi in ba maharba ba, Barbushe da ake ba da labarin yana kashe giwa da sanda ya saɓo ta, a kan dutsen Dala ya zauna. Kuma lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi a 2014 su waye suka taimaka wa sojoji, ba mafarauta ba? Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan azumin 2025 suna hanyar dawowa gida Sallah, Allah ya jiƙansu, neman halal ɗinsu suka je. Kullum mu ne abin zagi, in an shiga uku kuma a nemo mu.

Kawu Maharbi:
Amin ya Allah. Ban ce duka ba ɗana. Amma amsa min ɗaya, kuna sa wa daji wuta ko ba kwa sawa?

Sadauki Dorayi:
Wani lokacin ana sawa, in ciyawa ta yi yawa nama ba ya fitowa.

Kawu Maharbi:
To shi ke nan. Wutar nan tana tambayar wa ke da ciki? Bushiya, kunkuru, ƙwan zabo, 'ya'yan zomo a rami, har karan da manomi ya tara wa shanunsa. Don gafiya uku.

Malam na Gwale:
Kuma a hadisin Abu Dawud, a tafiya ɗaya ne sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu ta zo tana shawagi, Annabi (SAW) ya ce wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata. Sannan ya ga gidan tururuwa da aka ƙona ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Tururuwa fa Sadauki.

Sadauki Dorayi:
Na ji Malam. Wutar dai ni ma ba na so, amma in kana cikin mutum ɗari ba kai ke da ashana ba.

'Yar Gandu:
Salam, ni gandun daji da namun dawa na karanta, tun ɗazu ina bi ina shiru don manya na magana. Ina so in ɗan ƙara wani abu ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Maganar "tsuntsu ne fa, suna da yawa" ita ce ta cinye abubuwa da dama. A Amurka akwai wata irin kurciya da garkenta ke rufe rana in suna wucewa, aka yi ta harbi ana lodawa a jirgin ƙasa, ta ƙarshe ta mutu a gidan zu a 1914, babu ita kuma har abada. Mu dawo gida, don Allah a cikinku wa ya ga ungulu a Kano a 'yan shekarun nan? Da a mayanka da kasuwa har ture su ake yi. Tun 2015 aka sa irin ungulun namu a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, kuma babban abin da ke cin ta a yankinmu guba ce da masu sayen kanta da ƙwanta don tsubbu. Ita ce fa ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta. Gauraka ma haka, ana ta kamawa ana kai wa gidajen masu kuɗi ado. Zakunan da suka rage a dajin ƙasar nan gaba ɗaya, Yankari da Kainji, masu bincike na cewa ba su kai 50 ba.

Amma gaskiyar da zan faɗa ita ce ko yau duk maharban Kano suka rataye bindiga dabbobin ba za su dawo ba in babu inda za su zauna. Gawayin da muke girki da shi daga ina yake zuwa? Buhu nawa ke shigowa garin nan kullum? Kowane buhu gidan wani abu ne aka sare. Saboda haka mu da muke zagin samarin Tiga mu ma da hannunmu a ciki, nasu dai ya fi muni ne don ba ko uzurin tuwo.

Maman Ilham:
Ƙanwata kin taɓo mu, to gas ɗin ne ya fi ƙarfinmu wlh. Amma maganar ungulu gaskiya ce, Ilham shekararta 11 ba ta taɓa gani ba sai da na kai su gidan zu. Karin maganar ma sai na yi mata bayani, wai ungulu da kan zabo, ta ce Mama mece ce ungulu.

Mai Shayin Kurna:
Muna da Rijiyar Zaki ba zaki, muna da Kura ba kura, Kasuwar Kurmi ba kurmi. Saura Kurna, ita ma bishiyar sai an yi da gaske.

Manomin Kadawa:
Duk na ji amma ku mutanen birni kuna da daɗin baki. Ku zo lokacin da shinkafa ta fara nuna ku ga jan-baki, garke ɗaya in ya sauka a gonarka da safe kafin azahar ka zama abin tausayi, yara tun asuba suna gona da gwangwani da igiya suna kora ba makaranta. Har jirgi gwamnati ke turowa ya yi musu feshi a wajen Jigawa da Yobe. Birai kuma su ɓare maka masara su ɗanɗana su yar. In na kashe waɗannan ni ma Allah zai tambaye ni?

Malam na Gwale:
Kare dukiya daga mai ɓarna daban ne, shari'a ta ba ka. Sharaɗin dai ka tsaya a kan mai ɓarnar kuma ka kyautata kisan, kamar hadisi na 17 a Arba'una. Ba ka zuba guba a ruwa ta kashe jan-baki da belbela da kajin maƙwabci ba.

Manomin Kadawa:
Belbela ai abokiyarmu ce, ita ke bin garma tana tsince tsutsa da fara. Wanda ya harbe ta bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ɗan Fagge:
To Turawan da ke koya mana son dabbobi fa? Su ne ke zuwa Afirka su biya dala su harbe zaki su yanke kai su kafa a falo. Mu kurciya kawai an taru a kanmu.

'Yar Gandu:
Ai ba wanda ya ce daga wajensu muka koya, ka ji Malam ya kawo tun zamanin sahabbai. Kuma abin da ka faɗa gaskiya ne, a Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke ya biya wajen dala 50,000 aka janyo masa wani zaki da ake kira Cecil daga gandun Hwange a Zimbabwe, ya harbe shi da kibiya bai mutu ba sai bayan sa'o'i aka bi shi aka ƙarasa, alhali da na'urar masu bincike na jami'ar Oxford a wuyansa. Duniya ta yi caa a kansa har a ƙasarsu. Masu kare irin wannan suna cewa kuɗin ne ke biyan masu gadin daji kuma ƙauyuka na samu, a wasu wuraren kamar Namibiya ana ganin amfanin hakan, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba, mutum ya tsallako teku don kawai ya ɗora ƙafa a kan gawa a ɗauke shi hoto. Bambancinsa da na kan bonet ɗin Tiga kuɗi ne kawai.

In kana son misali mai kyau ga maƙwabtanmu Nijar. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura kamar 50 suka rage a duk Afirka ta Yamma, aka hana taɓa su aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, yanzu sun haura 600 kuma a cikin gonakin mutane suke yawo.

Sadauki Dorayi:
Wannan na ji labarinsa a wajen wani ɗan Dosso, ya ce har waken mutane suke ci ana haƙuri da su.

Baban Khalifa:
Ni abin da ya fi tsaya min ma ba yawan tsuntsayen ba ne, dariyar ce. Kakana in ya dawo da nama shiru yake shigowa, a fiɗe a aika wa maƙwabta, ƙafa ta mai unguwa, wuya na wanzami ko waye, ban taɓa jin ya yi wa abin da ya kashe dariya ba. Waɗannan ɗaya ya ɗaga shamuwar da fiffike tana da sauran rai yana rawa da ita. Yaron da ya saba ganin abu na shure-shure yana dariya ban san inda zai tsaya ba.

Maman Ilham:
Daga danƙo ake farawa ai. Na ƙwace na yarana ya fi sau biyar, ƙadangarun gidanmu duk sun zama guragu.

Ɗan Fagge:
Ni dai ban taɓa rawa da gawa ba kar a haɗa ni da su. Belbela kuma na bari tunda abin ya kai ga la'ana, ba da ni ba. Amma kurciya da hasbiya kam ban yi alƙawari ba. Malam tambaya ta gaskiya, in na harbo ta kafin in isa ta mutu, ta ciwu?

Malam na Gwale:
In ka yi Bisimilla lokacin harbin da niyyar farauta, harsashin ya huda ya fitar da jini, malamanmu na baya sun halatta. In ka same ta da rai dole ka yanka. Wadda dutsen danƙo ya buge ta mutu ba huda kuwa mushe ce. Kana Bisimillar?

Ɗan Fagge:
Wani lokacin dai Malam

Mai Shayin Kurna:
Ashe mushe ka daɗe kana kawo mana muna soyawa da ƙwai, Allah ya isa

Kawu Maharbi:
Ku bar yaron ya yi tambaya mai kyau. Ɗan Fagge yanzu dai ajiye ta, ruwa ya kusa, duk suna kan ƙwai. In Allah ya kai mu bayan kaka ka zo Panshekara ka same ni in kai ka inda fakara take, harsashi uku kawai za ka riƙo, kuma da ƙafa za mu.

Ɗan Fagge:
Uku kacal Kawu? In na ɓarar fa?

Kawu Maharbi:
Sai mu dawo mu ci tuwo da miyar kuka.

Sadauki Dorayi:
Kawu in da wuri ni ma a sa ni, zan zo da kare ɗaya, ba ganga.

Admin:
Jama'a an kira Magariba. Wanda ya turo bidiyon samarin na goge, fuskokinsu da lambar mota sun fito, kar a sake sawa don Allah.